Babi na 7: Ƙaramin Injin Iska na Cikin But

Duk mai mota ko Keke Napep a Sarkin Dawaki yana da mai facinsa, kuma ba sai an yi wa baƙo kwatance ba zai gane wurin. A bakin titi yake, ƙarƙashin rumfar kwano ko inuwar bishiya, ga tarin tsofaffin tayoyi, ga rabin duro cike da baƙin ruwa inda ake tsoma tiyub a ga ta inda kumfa ke tashi, ga injin fetur mai bel yana tura iska cikin tukunyarsa. Da ka tsaya yaron shago zai jawo tiyo ya ce, "Alhaji, nawa za a sa?" Da yawa daga cikinmu ba mu da amsa, sai mu ce ya sa yadda ya saba. Abin da aka saba kuwa 40 ne, wani lokaci 45, in an ga mota da kaya har 50. A wani wurin ma babu geji sam. A ƙwanƙwasa taya da ƙarfe, a saurari ƙararta, a ce ta yi.

Ina girmama wannan sana'a, don ba don masu faci ba da motoci da yawa sun kwana a titin Jalingo. Sai dai akwai abu biyu da mai faci ba zai iya yi maka ba komai gwanintarsa. Ba zai auna maka taya da sassafe a ƙofar gidanka tun kafin ta taka kwalta ba, kuma ba zai bi ka hanyar Bali ba. Don waɗannan biyun ake sayen ƙaramin injin iska a jefa a but, kuma da su za ka auna duk wanda aka miƙo maka a kanti.

Sai ka san lambar da kake nema kafin ka nemi abin da zai kai ka gare ta. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin da take rufuwa a kai, za ka ga wata 'yar takarda a manne. A wasu motocin Turai tana bayan murfin tankin mai. Kamfanin da ya ƙera motar ya rubuta iskar da tayar gaba da ta baya ke buƙata, da ma'aunin psi ko bar ko kPa. Bar 1 daidai yake da psi 14.5, ko kPa 100. Yawancin ƙananan motocin da muke hawa, irin su Corolla da Camry da Golf, tsakanin psi 30 ne da 35. Lambar da ke jikin tayar kanta, 44 ko 51, ita ce ta ruɗar da mutane da yawa. Wannan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da motarka ke so ba. Tayar da ta sha iska fiye da ƙima tsakiyarta kawai ke taka ƙasa, don haka ta nan take cinyewa, birki ya rage kamu, mota ta riƙa tsalle, kuma duk ramin da ta faɗa dukan ya wuce kai tsaye zuwa zaren da ke cikinta.

Lambar jikin ƙofa ta taya mai sanyi ce, wato wadda ta yi aƙalla awa 3 a tsaye. Iska tana kumbura da zafi. Duk ƙarin digiri 5 zuwa 6 na ma'aunin Selshiyas yana ɗaga geji da kusan psi 1, tafiya kuma tana ƙara nata zafin, ta yadda tayar da ta yi rabin awa a kan kwalta za ta iya nuna ƙarin psi 3 zuwa 5. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Jalingo kan kusanci digiri 40, direba zai tsaya da rana tsaka a auna masa, a ga 37, a sace masa iska ta dawo 32, ya tafi yana jin ya gyara. Da gari ya waye tayar ta huce, tana 27 ko 28. Wanda yake da geji da inji a gida ba ya faɗa wa wannan tarko, don yana aunawa ne kafin ya fita.

Ƙarancin iska ya fi yawanta haɗari, kuma ido ba ya ganinsa da wuri. Tayar zamani za ta iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta, ka kalle ta ka rantse lafiyarta lau. Ko babu ƙusa, taya tana rage psi 1 zuwa 2 a wata, ta jikin robar kanta. Idan ta yi laushi, gefenta yana lanƙwasa yana miƙewa a kowane juyi, sau ɗaruruwa a minti guda. Wannan lanƙwasar ita ke haifar da zafi, zafin ya raba roba da wayar ƙarfen da ke ciki, daga nan sai ka ji tau a tsakiyar gudu. Kowa ya tuna ranar 6 ga Maris, 2016, da Ƙaramin Ministan Ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar motarsu ta fashe. A Amurka ma sai da aka yi asarar rayuka da dama a motocin Ford Explorer masu tayoyin Firestone, har kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a watan Agustan 2000. Daga nan majalisarsu ta yi doka, kuma tun Satumban 2007 duk sabuwar ƙaramar mota da za a sayar a can sai tana da fitilar da ke gargaɗin ƙarancin iska. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2014. Shi ya sa motocin Kwatano da suka fito daga Amurka suke da wata 'yar fitila ruwan ɗorawa a gaban direba, mai alamar motsin rai a tsakiya. Wasu har liƙe ta suke yi da baƙin tef don ta dame su. Ita kuwa ba ta kamawa sai iska ta ragu da kashi 25 cikin 100, wato lokacin da magana ta riga ta yi nisa.

Akwai kuma batun aljihu. Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200, har ta haura 1,000 a 2024. Injin mai faci fetur yake sha, don haka kuɗin iska ma ya tashi, kuma ba laifinsa ba ne. Taya mai laushi tana sa mota shan mai. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa daidaita iska na iya rage shan mai da abin da ya kai kashi 3 cikin 100. Ba wani abin a zo a gani ba ne a rana guda, amma mai Keke Napep da ke zagaya gari daga Hammaruwa Way zuwa Mile Six tun safe har dare ya san abin da kashi 3 ke nufi a ƙarshen wata.

To, ga ka a kanti. Abin da zai fara ɗaukar idonka shi ne babbar lamba a jikin kwali, "300 PSI", an rubuta ta da jan fenti. Ka kawar da kai daga gare ta. Babu tayar motar gida da ke buƙatar fiye da kashi ɗaya cikin biyar na wannan, kuma abin mamaki, injinan da suka fi kowa arha su suka fi kowa rubuta ta. Dalilin yana cikin injin. Fistin ɗan mitsitsi yana iya matsa iska ta yi ƙarfi sosai, amma kaɗan yake turawa a kowane bugu. Cika tayar mota da shi tamkar cika randa ne da cokalin shayi. Lambar da ke da amfani ita ce yawan litar iska da injin ke turawa a minti ɗaya, kuma sau da yawa a ƙananan haruffa take a bayan kwali, in ma an rubuta ta.

Lissafin ba shi da wuya. Tayar Corolla mai lamba 195/65R15 cikinta ya kai kusan lita 30. Kafin ta tashi daga lebur zuwa psi 32, wato bar 2.2, sai an tura mata iskar waje kusan lita 65 zuwa 70. Injin da ke tura lita 30 a minti zai gama cikin minti 3 zuwa 5, don yana rage sauri idan taya ta fara tauri, lambar kwali kuma an auna ta ne babu komai a bakin tiyo. Mai tura lita 10 zai haura minti 10, yana kuka yana zafi. Tayar Hilux ta ninka ta Corolla girma. Saboda haka ga ƙaramar mota ina ba da shawarar kada a sauka ƙasa da lita 30 zuwa 35 a minti, ga Hilux da bas kuma a nemi mai lita 70 zuwa sama.

Daga nan sai maganar inda injin zai sha wuta, kuma a nan ne mutane suka fi ƙonewa. Ramin laitar sigari na mota yana da fiyus, galibi mai amfiya 10 ko 15. A motocin Toyota da yawa za ka ga an rubuta 12V/120W a murfinsa, ma'ana amfiya 10 ce iyakarsa. Idan ka soka masa injin da ke jan amfiya 15, fiyus zai yanke, kuma zai yanke ne daidai lokacin da taya ta fara tauri injin ya fi jan wuta. Abin da wasu ke yi shi ne su naɗa siririyar waya a madadin fiyus. Ina roƙon mai karatu kada ya yi haka, kuma kada ya bari a yi masa, don fiyus ɗin nan shi ke tsakanin wayoyin motarka da gobara. Manyan injina ba sa bi ta ramin laita ko kaɗan. Suna zuwa da 'yan kama biyu, ja da baƙi, da ake maƙalawa a kan batir kai tsaye. Sai ka buɗe bonet kowane lokaci, amma ba ka da fargabar fiyus. Kowanne ka saya, ka bar mota a kunne yayin da kake buga iska, don injin ya samu cikakkiyar wuta kuma batir kada ya yi sanyi, kuma ka yi hakan a fili, ba cikin rufaffen gareji ba.

Wane ne ke buƙatar babban? Duk wanda hanyarsa ta wuce kwalta. Manomin shinkafa da ke shiga fadamun Lau ko Gassol ko Karim Lamido ya san idan mota ta kafe a yashi, dabara ita ce a sace iska ta sauko wajen psi 18 zuwa 20, taya ta baje ta samu kamu. Fita daga yashin ba shi ne ƙarshen aiki ba, sai an mayar wa manyan tayoyi huɗu iskarsu kafin a hau titi, in ba haka ba za su lalace cikin 'yan kilomitoci. Ƙaramin injin laita ba zai kai taya ta uku ba zai ƙone. Haka mai hawa Mambila. Daga Bali zuwa Serti zuwa Mayo Selbe akwai tazara mai tsawo tsakanin mai faci da mai faci, sannan ga hawan dutse mai kwana-kwana zuwa Maisamari da Nguroje da Gembu, inda tsaunin ya kai wajen mita 1,600. Hawan kansa yana ɗaga geji da kusan psi 2 saboda iskar waje ta yi sauƙi, sanyin can kuma yana sauke shi. Ba sai ka yi ta lissafi ba, ka auna da safe a Gembu kafin ka kama gangara.

Ka ɗauki injin a hannu ka ji nauyinsa. Wanda ya yi shafal, an buɗe irinsa an gani: ɗan injin lantarki mai juyawa da gudu, da haƙoran giya na farar roba, da fistin da bai fi kaurin babban yatsa ba. Haƙoran nan su ne ke fara narkewa. Mai inganci silindarsa ta ƙarfe ce mai ƙaya-ƙaya a jiki don fitar da zafi, kuma a mafi kyawunsu ɗan injin lantarkin yana juya fistin kai tsaye babu giya a tsakani. Matsa iska yana haifar da zafi mai tsanani, har bakin tiyo ba ya taɓuwa, shi ya sa kowane inji yake da iyakar mintunan aiki kafin hutu, galibi 10 zuwa 15 ga ƙanana. An rubuta wannan ne da yanayin ƙasashe masu sanyi a rai. A ranar Jalingo ka rage, ka ajiye injin a inuwar mota, kuma kada ka dasa shi cikin ƙura, don ta ƙofar da yake shaƙar iska ƙurar za ta shiga ta ci fistin. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce. An san sunaye irin su Michelin da Ring da Viair a wannan fanni, sai dai buga suna a kwali abu ne mai sauƙi, nauyi da ƙarfe kuwa ba a buga su.

Gejin da ke jikin injin shi ne abin da na fi damuwa da shi, don shi ne dalilin sayen tun farko. Ka kalli fuskarsa da kyau. Idan an raba ɗan da'irar daga 0 zuwa 300, tazarar 32 da 38 ba ta fi kaurin allurar kanta ba, ke nan ba abin da zai gaya maka. Nemi mai tsayawa a 60 ko 100, ko kuma mai nuna lamba a gilashi wanda za ka saita masa 32 ya kashe kansa idan ya kai. Ka sani kuma geji yana ƙara lamba yayin da injin ke aiki, saboda a bakin inji yake aunawa ba a cikin taya ba. Sai ka kashe, allura ta natsu, sannan ka karanta. Ni dai ba na yarda da gejin inji shi kaɗai. Ka sayi wani daban, ɗan ƙarami na aljihu, ka gwada su biyun a taya ɗaya. Idan bambancin psi 1 ne ko 2 ka riƙe shi a kai ka riƙa cikewa. Idan ya kai 5, ɗaya daga cikinsu ƙarya yake yi, sai ka samo na uku ya raba gardama.

Masu batir a ciki, waɗanda ake caji kamar waya, sun yi yawa a kasuwa yanzu, irin na Xiaomi da makamantansa. Suna da daɗin aiki, babu waya babu buɗe bonet, kuma ga babur da keke da ƙarin psi 3 ko 4 a tayar mota sun wadatar. Amma na aljihu da ƙyar cajinsa ke cika tayar mota biyu daga lebur, ga wutar lantarkin da ba ta da tabbas, ga kuma babbar matsala: batirin litiyam ba ya shiri da zafi. Cikin motar da aka rufe a rana yana iya haura digiri 60. Injin da ya yi bazara guda a irin wannan wuri, ranar da ka neme shi za ka iya samunsa a mace ko a kumbure. Idan shi kake so, ka ajiye shi a ɗaki ka ɗauka ranar tafiya, ko ka zaɓi wanda ke karɓar wutar mota idan cajinsa ya ƙare.

Keke na da tasa maganar, kuma ta bawul ce. Bawul ɗin mota da babur da yawancin kekunan yara iri ɗaya ne, mai kauri da 'yar allura a tsakiya, wanda kamfanin Schrader na Amurka ya yi wa rajista a 1893, kuma kowane injin iska da shi aka yi shi. Kekunan tsere suna da siririn bawul na Faransa, Presta, mai ɗan goro a kai da ake warwarewa kafin a buga. Tsofaffin kekunanmu na gado, Raleigh da Phoenix, da yawansu bawul ɗin Dunlop ne da su, wanda ake zare cikinsa a sa masa 'yar siririyar roba. Waɗannan biyun sai da ɗan mahaɗi na tagulla, don haka ka zazzage kwalin ka tabbata yana ciki. Bawul ɗin Dunlop iska shiga kawai take yi ba ta dawowa, saboda haka geji ba ya karanta shi daidai. Ga keke lambar da za ka bi tana jikin tayar, kuma tana iya zama 40 ga wani, ta haura 80 ga na tsere. Cikin tayar keke kaɗan ne, babban inji zai fasa tiyub kafin ka kai hannu ga makunni. Wanda keke kaɗai gare shi, famfon tsaye na hannu mai geji ya fi masa komai. Ba ya neman wuta, ba ya ƙonewa, kuma za a gaje shi.

Akwai abin da ƙaramin inji ba ya yi, gara a faɗa. Idan taya maras tiyub ta saki bakin rim, sai iska mai yawa ta shiga lokaci guda kafin ta koma mazauninta, wannan kuwa aikin inji mai tukunya ne. Ba ya kuma ɗinke yagewar gefe, ba ya mayar da tsohuwar taya sabuwa. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Ikeja a 2008, daga waje tayoyinmu ke zuwa, da yawa kuma gwanjo ne, don haka ka riƙa duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT, inda 2319 ke nufin mako na 23 na shekarar 2019. Abin da injin zai yi maka a daji shi ne, idan ƙusa ce ta shiga ta tafin taya, ka bar ta a ciki, ka buga iska, ka lallaɓa zuwa gari na gaba kana tsayawa kana ƙarawa. In ka haɗa da 'yar jakar kayan toshe huji, mai tsinke da igiyoyin roba masu danƙo, da ɗan ruwan sabulu don gano inda iska ke fita, sau da yawa ko jak ba sai ka sa ba.

Kada ka biya kuɗi sai ka gwada a wurin. Ja motarka ƙofar kanti, soka injin, ka ja wayar da tiyon ka ga ko sun kai tayar baya ta ɓangaren fasinja, don wayar mita 3 tana gazawa a doguwar mota. Ka ga ko bakin tiyon na murɗawa ne ko na maƙalawa. Na murɗawa ba ya yoyo, sai dai yana sace ɗan iska wajen cirewa. Sace tayarka ɗaya ta sauko 20, ka duba agogo, ka mayar da ita 32. A ƙaramar mota bai kamata ya wuce minti 2 zuwa 3 ba, kuma kada ka ji warin roba. Daga nan ka ɗaga shimfiɗar but ka auna safaya, wadda watakila rabonta da geji tun ranar da aka sayi motar. Idan siririyar nan ce ta wucin gadi, psi 60 take buƙata, kuma injin da ya kai ta 60 ba tare da ya tsaya ko ya yanke fiyus ba, ka biya ka karɓi rasit.